Zomon da Aka Gyara Mini

Shekara guda kafin samun 'yancin kai, Baturen da ke koyar da kimiyya a makarantarmu ta sakandare a Sakkwato ya fara ɗaure kayansa zai koma gida. Ni ne mataimakinsa, ni ke wanke kwalabe, in ya tafi hutu ni ke riƙe ajin. Aka ce sufeto, shi ma Bature, zai zo ya ga koyarwata. In ya gamsu a bar mini ajin kimiyya, in bai gamsu ba a kawo wani. Darasin da aka zaɓa shi ne feɗe zomo a gaban ɗalibai, a nuna musu huhu da hanta da hanji, kowanne a mazauninsa.

Mu dai da zanen bango muka saba yin wannan darasi, wani tsohon zanen zomo wanda gara ta cinye masa ƙafa ɗaya. Yara sun haddace sunayen da Turanci, ko da yake duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya fi zanen nan sani.

Kwana uku ina yawo a keke cikin zafin bazara kafin na samo zomo mai rai a wurin wani manomi a Dundaye. Na kai wa kukun makaranta ajiya, wani dattijo wanda tun ina ɗalibi yake ƙara mini tuwo in ya ga na rame. Ya tambaye ni wa zai yanka. Ni kuma da rawar kan sabon malami na shiga yi masa bayani: ba yanka ake yi ba, magani ake zubawa a auduga a rufe dabbar a kwalba har ta mutu, sannan in feɗe ta da hannuna. Ya karɓi zomon ya shige da shi. Na ɗauka ya fahimta.

Washegari, sufeto ya riga ya zauna a bayan aji da littafinsa, sai ga dattijon a bakin ƙofa da faranti rufe da faifai. Na fita na ɗaga faifan. Zomona ne, an yanka, an feɗe, an cire kai, an wanke tas.

Na ce, "Baba, me ke nan?"

Ya ce, "Mallam, ba ni bari ka yi mushe gaban ɗiyan mutane. Kuma hiɗa aikin rundawa na, masu sai da nama, ba na mallami ba. Mi za a ce da kai cikin gari? Ga kayan cikin nan ga kwano, har hanjin na wanke maka."

Yana murmushi ya faɗa, kamar wanda ya tsamo ni daga rijiya. Na karɓi farantin da kwanon.

Haka na shiga. In ɗauko hanta daga kwano, in nuna wurinta a zanen bango, in ɗora ta cikin ramin gawar. Huhun ya ƙi zama. Yara suna ta danne dariya, zufa tana ɗiga daga haɓata. Da aka tashi, sufeton ya tambaye ni a hankali wa ya shirya dabbar haka. Na san in na faɗi gaskiya, kafin la'asar an sallami tsohon nan, ga shi da iyali cike da gida. Na ce ni ne. Ya dube ni, ya yi rubutu mai tsawo.

Bayan wata biyu takarda ta zo. Aka kawo wani malamin kimiyya, ni kuma aka mayar da ni labarin ƙasa a ƙananan azuzuwa. Na ce na ɗan lokaci ne. A nan na yi furfura, ina nuna wa yara koguna da tekunan da ban taɓa gani ba, har na gaji da jin muryata.

Dattijon bai taɓa sanin abin da ya faru ba. Har ya bar aiki, duk baƙon da ya zo makaranta sai ya ja shi gefe ya nuna ni, ya ba shi labarin ranar da ya rufa wa Mallam asiri gaban Bature. Ni kuma in tsaya in ce, "Haka ne, Baba, Allah ya saka."