Ranar da Aka Kawo Lefena

Ni na kawo shawarar, ba Mama ba. Gara in faɗa tun yanzu, don na daɗe ina barin dangi su ɗauka ita ce.

Ƙanina yana da shekara goma sha huɗu a lokacin, kuma magana ba ta zauna a bakinsa ba. Likita ya ce galahanga ce, 'yan unguwarmu a Samaru suka ce aljanu. Ƙara ce ba ya so. In aka rangaɗa guɗa kusa da shi, sai ya toshe kunne ya dinga buga goshi da bango. Duk gidan ni kaɗai yake yarda ya bi zuwa waje.

Ranar da za a kawo lefena, na san gwaggonnin ango za su cika gida da guɗa, su gan shi, su koma su ce akwai hauka a jininmu. Ban taɓa yi wa saurayin nawa zancensa ba. Kunya nake ji, kuma ina son auren nan.

"Mama, a kai shi wurin Inna ƙanwarki a Sabon Gari, zuwa la'asar."

"Shagonta fa jikin masu niƙa yake," in ji Mama.

"Ai ba mutuwa zai yi ba."

Na ce masa jirgin ƙasa za mu je gani. Ya hau bas yana ta kaɗa hannuwa don murna. Da muka isa shagon, injunan niƙa na ruri, ya damƙe mayafina. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya na tafi. Abin da ya dame ni a hanya shi ne kada a ce ya ɓata mini lalle.

Ina ɗaki ina kasa kunne aka buɗe akwatuna. Ba wadda ta yi guɗa. Can na ji babbar gwaggon ango tana cewa, "Wannan shaddar ta ƙanin amarya ce. Ɗanmu ya ce a danƙa masa hannu da hannu, ya kuma ja mana kunne kada mu ɗaga murya, yaron ba ya so. Ina yake ne?" Ashe tuni maƙwabta sun gaya wa saurayin nawa.

"Ya ɗan fita," in ji Mama.

Da na koma shagon, a ƙarƙashin tebur na same shi, bayan buhunan masara, goshi a fashe, wando a jiƙe. Ya ƙi fitowa sai da Baba ya zo.

An yi auren. Yau shekara goma sha biyu, kuma duk wanda ya shigo rayuwata, zancen ƙanina nake fara yi masa. Ƙanin nawa yana cin abincin da na kai masa, yana barina in zauna kusa. Amma da na ce "zo mu je", sai ya tashi ya shige ɗaki ya tura ƙofa. Gidana a Bomo yake, tafiyar ƙafa daga gidanmu, kuma har yau bai taɓa taka shi ba.