Ragon Borno da Ya Kusa Zama Mushe a Bulumkutu

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanena da wani abokina mai a-kori-kura, wanda ya yarda ya kai mu bisa sharaɗin ni zan zuba mai, kuma ba zan yi masa surutu a kan gudu ba. Sharaɗi na biyun tun kafin Wudil na karya shi. Da yawanku kun tambaye ni, wai haukan me ya kai ni Maiduguri sayen rago guda, alhali ga raguna nan birjik a Kano. To ku saurara.

Matata ta haihu, suna ranar Alhamis. Amma babban dalilin Babanmu ne. Tun da likita ya ce ya rage kitse saboda hawan jini, tsohon nan ya yi fushi da nama gaba ɗaya. Ba nama aka hana shi ba fa, kitse aka ce. Shi kuwa ya kafe cewa ragunan turka da ake ɗura wa dusa da abincin kaji, in ka cire kitsen babu abin da ya rage sai ƙarni. Watanni ke nan daga koko sai tuwo, har rigunansa suka fara yi masa yawa. A unguwar Bulabulin ta Maiduguri aka haife mu, Baba ya daɗe da rumfa a Kasuwar Kwastam kafin rikici ya maido mu Kano, kuma a wurinsa nama ɗaya ne a duniya, na balamin Borno da ya tashi a ciyawa. Ramarsa tana ba ni tsoro, gaskiyar ke nan. Shi ya sa na yi wa Inna alkawari cewa da irin ragon za a yi sunan ɗana, kuma Baba zai ci.

Hanya ta yi kyau a wasu wuraren, a wasu kuma sai dai salati. Ƙarshen damina ne, daji ya yi kore shar, gero ya fitar da kai har ya fara sunkuyawa. A Azare muka karya da ƙosai da shayi, mai shayin ya zabga sukari kamar yana da gaba da mu. Da muka iso Potiskum abokina ya rage gudu, ya nuna min garken tumaki a bakin hanya, wai mu sayi ɗaya mu juya, ai rago ba ya zuwa da takardar haihuwa. Na ce masa ya taka mota kawai, bai san Baba ba. Daga Damaturu kuwa raha ta ragu, shingen sojoji ya yawaita, kowa na duba rana don a shige kafin a rufe hanya. Da muka wuce Auno na ga bishiyoyin darbejiya sun fara jeruwa, sai na san mun iso Maiduguri. Garin nan ya raine ni.

A Bulumkutu muka sauka, gidan Ya Falmata, tsohuwar maƙwabciyarmu Babarbariya wadda ta goya ni a bayanta. “Wushe, wushe, ɗana ya zama uba!” Haka ta yi ta faɗi tana shafa kaina kamar ba gemu gare ni ba. Kafin mu wanke ƙafa an dire burabusko da miyar yakuwa da ta sha busasshen kifi, ga turaren wuta ya cika ɗaki. A gidanta doka ɗaya ce, duk mai rai da ya tsallako ƙofa sai ya ci har ya roƙi a bar shi. Abokina ya ci kwano biyu yana cewa ya yafe min surutun hanya.

Washegari muka shiga keke zuwa kasuwar dabbobi. Dillalai suka yanyame mu, kowa na jawo ragonsa, wasu ƙattai har tafiya na yi musu wuya. Ni ba su na zo nema ba. Ragon turka kofatonsa dogo ne don bai taka ƙasa sosai ba, ga shatin igiya a wuya, in ka danna gadon bayansa yatsa ya lume. Can gefe na hango wani Bashuwa da farin balami mai gantsararren hanci da kunnuwa yalo-yalo. Kofato a goge, ƙarangiya maƙale a gashin cikinsa, baya tsantsan tsoka. Na ce wannan ne. Farashin da aka fara yankawa sai da na nemi wurin zama. Aka yi ta albarka, na tafi na dawo, ƙanena ya yi fushin ƙarya, daga ƙarshe aka sallama. Abin da ya rage a aljihuna na mai ne da ɗan tsaraba, ko akuya ba zai saya ba.

Muka ɗaure shi a inuwar darbejiya a tsakar gidan Ya Falmata, muka wuce Kasuwar Kwastam sayen kifi da turare na mai jego. Na tsaya a gaban tsohuwar rumfar Baba, yanzu caja da murfin waya ake sayarwa a ciki. Mun daɗe ana gaishe-gaishe, kowa na tambayar lafiyar Baba, wannan da Hausa, wancan da Barbarci.

Da la'asar muka dawo, sai na ga ragona a kwance, gefen cikinsa na hagu ya kumbura tim kamar ganga, yana haki yana cizon haƙora. Kusa da shi ga wata ƙatuwar roba an lashe ta tas. Inna lillahi! Ashe muna fita Ya Falmata ta dube shi ta ce baƙo ba zai yini a gidanta da rama haka ba, mutanen Kano su ce ta yi rowa. Ta jiƙa dusa roba guda, ta juye ragowar burabusko da ƙanzo a kai. Dabbar da tun haihuwarta ciyawa ta sani, cikinta bai saba da hatsi ba, sai ya yi tsami ya cika da iska.

Raina ya ɓaci matuƙa. Amma matar da ta goya ka ba ka ɗaga mata murya, don haka na juya na balbale ƙanena da faɗa, shi da muke tare a kasuwa tun safe. Abokina kuwa har ya karɓo wuƙa.

“A yanka shi kafin ya zama mushe, a ci nama a nan,” in ji shi.

Na ce, “Naman da aka yanka Talata a Bulumkutu ba ragon suna ba ne. Ajiye wuƙar nan kusa, amma kada ka matso.”

Tun muna yara mun yi kiwo a Bulabulin, na ga yadda ake yi. Na ce a ɗaga shi tsaye, muka ɗora ƙafafunsa na gaba a kan kifaffen turmi. Ya Falmata, ido jawur, ta fito da man gyaɗan girkinta ba tare da an tambaye ta ba. Na zuba a kwalba na ɗura masa ta gefen baki a hankali don kada ya shaƙe, na bi da ɗan ruwan kanwa, na gitta masa kara a baki ya yi ta tauna. Ƙanena na murza cikin da iya ƙarfinsa. Shiru. Muka sauke shi muka ja shi zagayen layi, yana turjewa, maƙwabta sun fito kowa da maganinsa, wani har cewa ya yi a ba shi lemon kwalba. Muka sake ɗora shi kan turmi. Wallahi na fara kallon wuƙar nan da gefen ido.

Sai ga gyatsa. Wata irin doguwar gyatsa mai warin tsami, ta biyu ta biyo, ciki ya fara saɓewa a ƙarƙashin hannun ƙanena. Layin ya ɗauki kabbara, Ya Falmata ta rangaɗa guɗa tana kuka. Ban taɓa murna da wari irin na ranar ba. Kafin magariba ragon ya miƙa wuya yana tsinkar ciyawar gindin katanga, ni kuma na zauna daɓas a ƙasa ina dariya.

Da safe ta cika mana bayan mota da ɗanyar ciyawa da ta sa aka yanko, ta riƙe kunnen ragon ta ba shi haƙuri da Barbarci. A kowane shinge sai an leƙa an yaba shi, wani soja ma ya taya. Mun shiga Kano rago na tsaye da ƙafafunsa.

Abin da na koyo a tafiyar nan, dabbar ciyawa a bar ta a ciyawarta, in za a canza mata ci a yi shi kaɗan-kaɗan. Na kuma gani da idona da aka feɗe: nama ja wur, kitse ɗan siriri mai ɗorawa-ɗorawa, romo ba ya daskarewa a baki. Irinsa ne ke ƙara wa mai jego jini, tsoho kuma ya ci daidai misali ba fargaba.

Ranar suna na gasa tsokar cinya da kaina, gishiri kawai, na ajiye a gaban Baba. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki yanka ɗaya, ya tauna, ya tauna. Sai ya tura wa Inna kwanon ya ce, “Ƙaro, kuma ki ajiye min haƙarƙarin na gobe.” Inna ta ɗauki kwanon ta nufi madafa da sauri, tana goge ido da bakin mayafi.