Baba Illo da tabarmar Lahadi

Alhaji Badaru na Aubervilliers ya ce shi ya kawo wasan kurket cikin Hausawan Paris, kuma tun da aka fara babu Lahadin da ta wuce shi bai je fili ba. A walimar ban kwana da 'yan wasanmu biyu ya faɗa, riƙe da makirfo da cinyar kaza. An tafa masa.

Baba Illo yana can kujerar baya, yana shafa gwiwa.

Ga wanda bai sani ba, a nan ba mu da filin kurket na gaske. Ciyawa ce ta kowa da kowa, sai an shimfiɗa wata doguwar tabarma ta igiyar kwakwa an kafe ta da ƙusoshi kafin ƙwallo ya yarda ya yi tsalle. Nauyinta ya kai na rago biyu. Baba Illo ke fito da ita daga ɗakin ajiyar gidan ma'aikata a Montreuil, ya ɗaure a keken cefane, ya shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da ita ana harararsa. Haka ya yi tun gashinsa na baƙi.

Mutumin Tahoua ne, mai gadin sito. Wani abokin aikinsa ɗan Pakistan ya roƙe shi ya kama masa tabarmar sau ɗaya, shi ke nan. Har yau bai san yadda ake ƙirga ci ba. In aka yi ihu sai ya juya ya ce, "Mu ne ko su ne?"

Abin da ya sani shi ne shimfiɗa. Yana karkatar da ita ta yadda tsawonta zai zama sahu, fuska na kallon alƙibla. La'asar na yi zai zare sanduna ukun da ake kafawa don wasan, ya share, mai jifa da mai bugu su cire takalma su jeru kafaɗa da kafaɗa. Shi ya sa ba a tofa yawu a kanta. Shi ya sa karnukan unguwa suka san shi. "Madam, karenki! Pardon, ba ta nan ba!" Wata tsohuwar Bafaranshiya ta yi shekaru tana masifa da shi, daga baya ita ke kawo masa kofi.

Bana Ɗan Juma na Kaduna ya ajiye sanda, shi da ya taɓa aika ƙwallo har kan layin taram, jirgin cikin gari. Nassim, mai jifan da ke sa manya addu'a, kafaɗa ta ce ya isa. Kowa na kewarsu, ana ta yawo da hotunansu a waya. Ku duba hotunan da kyau. Akwai wani dattijo a durƙushe a gefe da guduma, rabin kansa ya fita daga hoton.

Kai ne, Baba. Kai ne ka zo ranar da ruwa ya hana kowa zuwa, ka shimfiɗa, ka jira, ka naɗe. Kai ne ka ɗauki Nassim a baya zuwa bakin titi ranar da ya karye, kana yi masa faɗa da Hausar da ba ya ji. Ginshiƙi, ba ka cikin hoto amma kai ke riƙe da rufi.

Gwiwa ta kai shi Lyon, wurin ɗiyarsa Rékia. Kafin ya tafi tambaya ɗaya yake yi: wa zai ɗauki tabarmar? Ba tabarma, ba wasa, ba sahu. Matasa suka duƙar da kai cikin waya. Alhaji Badaru ya daki ƙirji. "Ni da motar kaya? Malam Illo, je ka huta. Filin nan na san shi kamar tafin hannuna."

Rékia ta ce ran Lahadi tun safe yake sa jaket ɗinsa ya zauna a baranda, gudumar na kan cinya. Ya hana ta sa ta cikin kayan kicin. In ta kawo shayi sai ya ce, "Yanzu dai sun kafa ta. Ki ce musu su share kahin salla."

Mun gode, Baba Illo. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sa shimfiɗar nan ta tarye ka a inda ake buƙatarta. Ku kuma samari, ba kowa ne zai buga ƙwallo ya kai layin taram ba, amma kowa na da kafaɗa.

Lahadin da ta wuce ce muka fara komawa wasa tun tafiyarsa. Muka taru a filinmu na Bobigny, har da tsohuwar mai kofi, muna jiran motar Alhaji. Rana ta yi sama. Can sai wayar Ɗan Juma ta yi ƙara, ya buɗe murya kowa ya ji. Alhaji ne.

"Kai Ɗan Juma, wane irin rashin tarbiyya ne wannan? Ina nan Vincennes da tabarma tun ɗazu, ba kowa a fili!"

Ɗan Juma ya gyara hula. "Alhaji, ai mun bar Vincennes tun kafin korona."