Gurbin Yatsa a Bakin Tangaran

Ko zan manta komai na zamana a New York, ban da kwana ukun da na yi ina farautar kwanukan tangaran goma sha biyu.

Watana biyar ke nan ina aiki a shagon wata dattijuwa 'yar Italiya a Manhattan, Madam muke ce mata. Daga garinsu take shigo da cuku da man zaitun da taliya 'yar murji irin tasu, sai tangaran ginin hannu. Ni ɓangaren abinci nake. Ana nan yayanta ya rasu, ta danƙa mini makulli ta tafi gida. Ba ta daɗe da tafiya ba akwatin tangaran ya iso.

Ni kuwa Bakanuwa ce, na yi jeren amare ba adadi, kuma a wurinmu saiti sai ya zama bai ɗaya, kwanon da ya karkace can baya ake tura shi. Ina buɗe akwatin na ga kowane kwano da 'yar lotsawa a baki. Raina ya ɓaci, na ce an ga Madam tana makoki an haɗo mata tarkace. Dokar shagon kuwa, duk abin da ya zo da tabo akan ba wa wani ɗan Nijar mai tebur a Fordham Road ya karyar. Ban yi wata-wata ba na kira shi ya kwashe, har ina yaba wa kaina. Rawar kai dai ba yau na fara ta ba.

Ranar Talata Madam ta bugo waya, ta ce ran Juma'a za ta dawo, kada in sayar da ko ɗaya cikin kwanukan akwatin nan. Ashe yayan nata shi ne maginin, waɗannan ne na ƙarshe da ya gasa kafin ya kwanta.

"Kin ga gurbin babban yatsansa a baki?" in ji ta. "Haka yake sa hannu."

Na ce na gani.

Na rufe shago sai Fordham Road. Shida na tarar a tebur. Ɗan Nijar ya yi mini dariya son ransa, ya ce 'yan Kano akwai iya yi, sannan ya zauna yana tuno masu sayen. Wata nas 'yar Jos ta ɗauki ɗaya, na tare ta a ƙofar asibiti. Wani direban tasi ya sayi uku, na bi shi har inda suke jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK, ya sa matarsa ta fito mini da su. Ko a jirgin ƙasa ga kujera amma a tsaye nake, ina ta duba agogo.

Biyun ƙarshe suna wurin wata Hajiya 'yar Kumasi a Staten Island. Ranar Alhamis na hau jirgin ruwa zuwa tashar St. George da ke can, na yi ta safa da marwa har muka sauka. Na same ta tana cin tuwo, ga miyar kuka a kwanon. Da na zayyana mata, ta yi salati, ta ce ɗayan ya suɓuce mata wajen wanke-wanke ya tarwatse. Ta wanke wannan ta miƙo mini, ta ƙi karɓar komai.

"'Yata, ai don lotsawar na saya," ta ce. "Riƙe ki ji, yatsa zama yake a ciki."

Na riƙe, na ji kunya ta rufe ni.

Ran Juma'a na jera sha ɗaya a kan kantar shago, na gaya wa Madam komai, ina jiran kora. Can ta ɗauki na Hajiya, ta sa yatsanta a gurbin na yayanta, hawaye ya zubo mata. Ta shinshina, don ƙamshin daddawa bai gama fita ba, ta tambaye ni ko an ci abinci a ciki. Na ce an ci.

"Don haka ya gina su," ta ce.

Ba ta kore ni ba, ba ta kuma matsa kwanukan ta rufe gurbin na sha biyun ba. Shekara huɗu na ƙara a shagon ina kallon giɓin nan kullum safe. Tun daga nan, in na ga abu a karkace a gidan wasu, sai na tambayi masu gidan kafin in kai hannu.