Littafin Umaru da Babu Sa Hannu

Shekara tara ke nan cif da muka kai ƙanena Umaru makwancinsa a Jega Magaji. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, nakan buɗe akwatin ƙarfen da ya bari, in ɗauko wani littafi mai shuɗin bango, in duba, in mayar. Bana ban mayar ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Mu 'yan Kuberi ne ta ƙasar Maiyama, 'ya'yan makiyayin da ya gaji da yawo ya kama noma. Mahaifinmu ya rasu Umaru yana ƙarami, ni na riƙe shi. Bai san wani ruwa da ya wuce gulbi da rijiya ba, amma babu injin da zai ji kukansa bai gane ciwonsa ba. Tun gemu bai fito masa ba manoman albasa na Aliero ke ɗauko shi a babur ya gyara musu injin ban ruwa. Da ya ce zai tafi kudu ya koyi aikin injiniyan jirgin ruwa, har ni sai da na yi dariya, don ko iyo bai iya ba. Ya bar mata da ɗa ɗaya, ya tafi, ya kuma gama karatun aji da sakamako mai kyau.

Ashe karatun aji rabin tafiya ne. Kafin a bar mutum ya zauna jarrabawar samun takardar shaidar aiki, sai ya koyi kashe gobara da ceton rai a teku, likita ya duba lafiyarsa, sannan ya yi watannin da aka ƙayyade a ɗakin injin jirgin dakon kaya. A nan littafin nan ya shigo. Kowane shafi yana ɗauke da aikin da ake so ɗalibi ya iya, gefe kuma ga gurbin da babban injiniya zai sa hannu cewa ya gani da idonsa. In babu sa hannun, a wurin masu jarrabawa aikin bai faru ba.

Umaru ya yi watanninsa cikin zafi da ƙarar inji, ya yi duk abin da littafin ya nema. Abu ɗaya ne ya kasa: ɗaukar littafin ya tsaya gaban babban injiniya, dattijo mai furfura, ya ce masa ya shaida. Jira yake dattijon ya kira shi da kansa. Ana haka aka canja ma'aikata a wata tashar jiragen ruwa ta ƙasar waje, dattijon ya sauka ya tafi gida. Wanda ya gaje shi ya ce ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba, kuma gaskiyarsa ce.

Ranar da ya dawo Jega ya nuna mini shafukan, raina ya ɓaci. Na ce, "Kai Umaru, mi ya hana ka kai mai?"

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, ƙaƙa zan tsaya gaban babba in ce mai na iya? Ba haka anka koya muna ba."

Bai ce ni na koya masa ba, amma ni na san ranar. Yana saurayi ya tayar da wani inji da ya gagari kowa a Dangamaji, ya juyo da murna ya ce, "Yaya, ka gani?" A gaban mutane na daka masa tsawa, na ce kada in koma jin yana neman babba ya yaba masa, in ya yi aiki ya yi shiru, za a gani. Ya riƙe maganar nan har tsakiyar teku, inda ba a san ta ba.

Samun gurbi a jirgi karo na biyu ya fi na farko wuya. Ya rubuta takardu, ya je Ikko ya dawo sau ban san adadi ba, har takardun lafiyarsa suka tsufa ya sabunta. Tsakanin nan ya koma gyaran injin niƙa da na ban ruwa. 'Yan kasuwa suna tsokanarsa da Injiniyan Teku, shi ma yana dariya, amma na sha ganinsa yana goge bangon littafin da bakin riga. Yana cikin jiran kira ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yau. Injinan hasken rana da suka fara shiga fadama, na tabbata zai ce abin da ba ya kuka ba inji ba ne, sannan ya kwance shi ya ga cikinsa. Sharuɗɗan jarrabawa kuwa, ba na jin zai zage su. Shi da bakinsa ya taɓa ce mini jirgi rayuka yake ɗauke da su, kuma wanda bai san ka ba dole ya nemi shaida. Kunyarmu tana da kyau a garin da kowa ya san kowa, amma ban taɓa gaya masa cewa tana da iyaka ba.

Ɗansa Sanusi yanzu magidanci ne, ya gama irin karatun mahaifinsa, kuma ya sami jirgi. Jiya ya zo sallama, ya durƙusa, idonsa a ƙasa kamar na Umaru. Na miƙa masa littafin, na ce ya buɗe. Ya daɗe yana juya shafukan.

"Baffa, ba kowa ya sa hannu?"

"Ba kowa. In ka yi aiki, ka ɗauki naka ka tsaya gaban mutumin, ka dube shi, kar ka gusa sai ya sa. In anka ce ba ka da kunya, ka ce ni na aike ka."

Injinan da Umaru ya gyara sun mutu an sayar da ƙarafansu, takardar da ya nema kuma bai riƙe ta ba ko sau ɗaya. Abin da ya rage shi ne mutanen da suka ga aikinsa, kuma ni ne na farkonsu. Ba ni da ikon cike gurbi ko ɗaya a littafin nan. Amma tambayar da ya yi mini a Dangamaji tana nan ban amsa ba. Allah ya jiƙanka, Umaru. Na gani. Wallahi ka iya.