Baffa Isuhu da Gyaran Cikin Kwali

Ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Laurel da safiyar Talata, ina jiran na Washington, sai wayata ta yi ƙara. Da na ga sunan Hajiya Balaraba, matar Baffa Isuhu, na san ba lafiya ba, domin rabon da a kira ni daga gidan nan an fi shekara huɗu. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Nura, Baffanka ya cika bayan sallar asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jirgi ya zo ya tafi ina zaune a kan benci. Ba zan ɓoye ba, kunya ce ta riga hawaye zuwa. Akwai haƙurin da na daɗe ina shirin zuwa in ba shi, ga shi za a kai shi makwancinsa ban je ba.

Baffa Isuhu ba baffana ba ne na jini. Shi mutumin Gumel ne, ni ɗan Kaduna. A masallaci ya tsince ni ina sabon zuwa Amurka, ga takardar karatun kwamfuta a hannu, ga babu aiki. Ya kama hannuna ya kai ni wurin da yake aiki, wani kamfanin sayar da takalma mai rassa tun daga Baltimore har cikin Virginia, ya ce wa manaja, "Wannan ɗana ne." Daga ranar nake kiransa Baffa.

Wanda bai ga Baffa a cikin shago ba bai san shi ba. Dattijo ne mai furfura, amma duk wanda ya shigo, yaro ko babba, sai ya zaunar da shi, ya durƙusa a gabansa, ya auna ƙafar, ya danna kan takalmin da babban yatsa ya ji inda yatsun mutum suka tsaya. Yakan ce, "Ba ido ake sayar wa takalmi ba, ƙafa ake sayar wa." Ma'aikatan ofisoshin gwamnati na unguwar Southwest da ke Washington sukan baro shagunan kusa da su, su zo nemansa. Ma'aikatan jinya 'yan Filato masu wuni a tsaye kuwa, ya san lambar ƙafar kowacce a ka. Sau da yawa na ga ya hana mutum sayen mai tsada don ya san zai matse shi.

Sannan ga gyara. Kamar yadda mai tumatir a kasuwar gida take ƙara maka biyu bayan an gama ciniki, haka Baffa yake yi a Amurka. Daga aljihunsa yake sayen igiyar takalmi da ƙananan gwangwanayen man gogewa, ya jefa ɗaya a leda in an gama ciniki. Turawa su ce, "Ai ban sayi wannan ba." Ya yi murmushi ya ce kyauta ce. Ni kuwa in yi ta tsokanarsa, in ce, "Baffa, nan fa ba kasuwar Gumel ba ce." Ya ce, "Nura, cinikin da ba gyara ai rabuwa ce ba sallama."

Da tattalin arzikin ƙasar nan ya karye, mutane suna rasa gidajensu, kamfaninmu ya fara tangaɗi. A lokacin an mayar da ni sashen ciniki ta intanet. Aka rufe reshe ɗaya, aka rufe biyu, daga bisani aka ce duk shagunan za a rufe, a bar shafin intanet kaɗai da babban siton da ke Laurel. A makon ne wani mai ƙaramin shagon takalma a Manassas ya nemi Baffa ya je ya riƙe masa shago. Baffa ya zo ya same ni da maganar, don yana ganin ni na san abubuwan zamani.

Nan ne na yi kuskuren da nake rubuta wannan dominsa. Na ce masa, "Baffa, wane shago kuma? Shago ya mutu. Nan da 'yan shekaru ko burodi a waya za a riƙa saye. Ka zo sito, ni zan shugabanci sashen ɗaure kaya, wallahi wannan shafin zai binne duk shagunan nan." Ya kalle ni. Ya ce, "To wa zai durƙusa a cikin wayar ya taɓa yatsan mutum?" Na yi dariya. Ya ce, "Shi ke nan, kai ka yi karatun." Ya kira mutumin Manassas ya ba shi haƙuri.

Aikin sito ba aikin dattijo ba ne, na kuma sani tun kafin in kira shi. Wuni ake yi a kan siminti, daga kanta zuwa kanta, na'ura a hannu tana faɗa maka lambar kwalin da za ka ɗauko. Babu fuska, babu ƙafa, babu sannu da zuwa. Bai taɓa yin ƙorafi ba. In lokacin azahar ya yi ya shimfiɗa kwali a lungu ya yi sallarsa, daga baya ma a zaune yake yi, gwiwa ta ƙi.

Akwai sikeli a ƙarshen layin da ke auna kowane kwali kafin a loda a mota. Sai ya riƙa tsayar da wasu kwalaye, wai sun ɗara nauyinsu. Aka kira masu gyaran na'ura, suka ce lafiyarta ƙalau. Ni na yanka kwali ɗaya da hannuna. Ga takalmi, ga gwangwanin man gogewa a gefe. Na yanka na biyu, igiyar takalmi. Na rufe ido don na san mai aikin.

Na same shi na ce, "Haba Baffa! Kana so a kore mu ne?" Ya ce, "Na ga sunan ne, Nura. Matar nan shekara goma ina auna ƙafarta. In bar kwalinta ya tafi haka, kamar ban san ta ba?" Ashe ba a nan ya tsaya ba. In ya ga odar tsohon kwastoma da lambar da ya san ba za ta shige shi ba, sai ya ajiye kwalin gefe ya nemi a kira mutumin. Manyanmu suka ce yana jinkirta layi. Aka rubuta masa takardar gargaɗi, aka ce shugaban sashe ya sa hannu. Na sa. Mutumin da ya ce ni ɗansa ne, ni na miƙa masa takardar a gaban mutane. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Bai taɓa ce mini haka ba sai ranar, kuma har yau kalmar tana ƙona ni.

Gyara ya tsaya, layi ya yi sauri, amma takalman da ake dawo da su suka cika rabin siton, wannan ya matse, wancan ya yi yawa. Mutanen da suka saba da mu sun saba ne da shago. Da shagon ya tafi, shafinmu ya zama ɗaya cikin dubu, kuma akwai waɗanda suka fi mu araha. Bai cika shekara uku ba aka rufe siton. Wasu suka sayi sunan kamfanin a gwanjo. Har yanzu in ka buga sunan shafi zai buɗe, da alamarmu da launinmu, amma ba mutum ɗaya a bayansa da ya taɓa aiki da mu. In wannan ce rayuwar da na yi masa rantsuwa a kai, to ƙarya na yi.

Ni na sami wani aikin cikin wata biyu. Baffa ya koma wurin mai shagon Manassas ya tarar an ɗauki wani tuni. Ya ƙare a aikin gadi, yana duba katin shiga a ƙofar wani ofishi a Southwest, da gwiwar da sito ya cinye. Na daina zuwa gidansa. Na sauya masallacin Juma'a. In ya kira in ce aiki ya yi yawa, har ya gaji ya bari. Kullum ina cewa sai na shirya abin da zan faɗa.

Bayan mun dawo daga maƙabarta na durƙusa a gaban Hajiya Balaraba, na kwashe komai na faɗa mata, shawarar da takardar. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Nura, bai taɓa cewa ka cuce shi ba. Ya ce yaro ya faɗi abin da ya gani ne, kuma aikinsa ya yi. Abin da ya ci masa rai ka daina zuwa. Har makon jiya a asibiti ya tambaya ko ka kira." Na ce, "Hajiya, ki yafe mini." Ta ce, "Nawa na yafe. Nasa kuwa ba a hannuna yake ba."

Ya Allah, ga bawanka Isuhu ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba Hajiya Balaraba da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, ka tsaya musu a ƙasar da ba dangi kusa. Waɗanda suka san shi kuma, ina roƙonku ku sa shi a addu'a, ku sa ni ni ma, ko Allah ya sa ya yafe mini ranar da za mu haɗu. Amin.