Baba Zarami da Mashigin da Aka Karɓe

Kafin rana ta ɗaga, Baba Zarami ya riga ya kwashe ruwan da ya kwana a jirginsa, ya dogara da gora yana jiran masu tsallakawa. Tun ba a haife ni ba yake fito a mashigin nan na kusa da Guri. Yanzu kafaɗa ta gaji, ido ma ya fara hazo.

Shi ke zaunar da mutane a jirgi, kuma da nauyi yake zaunarwa. Ya dube ka sama da ƙasa, ya nuna maka wuri. Malami ya sha zama bayan buhun shinkafa, mai tallan nono tana gaba.

Bana da aka ce Arewa ta sami mulkin kanta, aka sha kiɗa, sai magana ta sauya a bakin ruwa. Akwai wani ɗan Kudu mai yi wa mutane allura, duk ranar kasuwa yake tsallakawa ƙauyukan hayi. Ran nan ina zaune a jirgin, na dawo hutun makaranta, mai allurar yana shirin shiga, sai Ya'u jakadan dagaci ya iso.

"Baba, ƙasa ta dawo hannunmu. Wannan baƙon ya nemi wata hanya. Ka san akwai masu son mashigin nan."

Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Ya'u, kakana daga bakin Chadi ya zo. Ni ma in sauka?"

"Kai daban ne, Baba."

"To. Nijeriyar da ake cewa baɗi za ta haɗa mu, ban san ta ba, iyakata Nguru. Amma ku biyun nan nauyinku ɗaya. Kai dama, shi hagu."

Haka suka tsallaka, kafaɗa da kafaɗa, ba mai kallon wani. Kafin ruwa ya janye an karɓe mashigin daga hannun Baba an ba wani.

Baba, kai ne ka kai mai allura hayi a watan da zazzaɓi ke kwasar yara. Ba ka yi wa kowa wa'azi ba, ka dai tura gora. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu riƙon Jihar nan, da ma ku zo ku ga yadda ake loda jirgi.

Yanzu yana gindin tsamiya yana ɗinkin komar kamun kifi, a gajiye. Sabon mai fiton kuwa, in jirgi ya cika ya fara karkata, sai ka ji ya ɗaga murya: "Baba, ina zan sa wannan?"